Zuƙa Ukun Kafinta

Su huɗu ne suke kwana a ƙarƙashin gadar, a gindin ginshiƙi na biyu inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa: Kafinta, da Direba, da Kofur, da wani bawan Allah da ba a san sunansa ba sai dai a ce masa Shiru. Direban nan rabonsa da sitiyari shekara tara. Kofur kuwa ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba, gadi ya yi a kamfanin katifa har aka rufe kamfanin. Amma kowa da sunan sana'arsa ake kiransa, don in mutum ya rasa ɗaki ya rasa gado, ai bai kamata a ƙwace masa wannan ma ba.

Doka ɗaya gare su, sun kuwa riƙe ta gam. Safe da yamma ana kunna sigari kara ɗaya, a zauna a kewaye a kan kwalaye, kowa ya yi zuƙa uku ya miƙa wa na damansa. Uku fa, ba huɗu ba, Kofur yana nan yana ƙirgawa. Ko kara goma mutum ya busa a wajen nemansa, wannan tsakaninsa da huhunsa ne, amma ta kewaye ba a ƙin karɓar ta. Wanda ya ƙi, to ya ce ya fi ƙarfin mutanen wurin ke nan. A zaman nan ake sanin wanda ya tashi da zazzaɓi da wanda ya wuni bai sa komai a bakinsa ba. In aka kunna aka ga gurbin mutum babu kowa, sai a kashe sigarin a tashi nemansa.

Shekarar Kafinta bakwai a wurin. Da yana da shago nasa na kansa, da benci, da zarto uku a rataye, da mata, da 'ya guda. Matar ta rasu. Shekara na zagayowa, wata rana da tsakar rana ya yar da guntun sigari a ƙasa, ya taka shi sau ɗaya, ya ja ƙofa ya tafi cin abinci. Ƙasan shagon kafinta kuwa duk dusar katako ce. Kafin ya dawo, shagonsa da na maƙwabcinsa sun zama gawayi. Gwaggon yarinya ta zo ta ɗauki yarinya, shi kuma kunya ta ɗauke shi, ta yi ta yawo da shi har ta dire shi a ƙarƙashin gada. Za ka ce mutumin da sigari ta yi wa haka ko sunanta ba zai ƙara son ji ba. Ina! Ranar gobarar ma da ita ya rarrashi kansa.

Yanzu dako yake yi a kasuwar katako, ya sauke daga mota, ya jera, ya loda wa mai saye. Da can, ko idonsa a rufe, in ka kara masa katako a hanci zai faɗa maka icen da aka yanko shi. Yanzu hancin nan ado ne kawai a fuska. Hayaƙi ya kashe shi tun tuni, bai ma san ranar da ya mutu ba.

Ranar wata Alhamis yana cikin sauke kaya, mai katakon ya ɗaga waya sama ya ƙwala masa kira.

"Kafinta! Zo ga 'yarka."

Ya goge hannu a wando ya karɓa da hannu biyu. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, don haka bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata. Ta yi aure shekara biyu da suka wuce, ta haifi bakwaini, mace, an sa ta a kwalba mako biyar. Sau biyu yana zuwa asibitin, sau biyun a baranda aka tsayar da shi.

"Uwata, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. An sallame mu, muna gida."

"Alhamdu lillahi! To ya amaryar tawa? Ki ce mata angonta na nan tafe, ko da yake ba shi da ko sisi."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta sauke murya. Ya san muryar nan, ta uwarta ce.

"Baba, likita ya ce ƙirjinta ba ƙwari. Ya ce hayaƙin taba, ko warinsa da ke maƙalewa a riga, kada ya kusance ta. Ya maimaita mana har sau uku. Ina so ka zo ka ɗauke ta, Baba, wallahi ina so. Amma sai ka daina."

"Na daina."

"Ka taɓa faɗa."

Gaskiyarta. Ya faɗa ranar da aka binne uwarta, ya faɗa ana gobe aurenta. Ya tsaya da waya a kunne, yana kallon yatsunsa biyu na dama da suka rine kamar an tsoma su a shayi.

"Ba ni mako biyu," ya ce. "Alhamis ta sama in zo."

Ya koma bakin aiki, amma hankalinsa bai koma ba. Abin da yake ta dawo masa shi ne ranar da aka miƙo masa Uwata a cikin tawul, ya sunkuya ya sa hanci a tsakiyar kanta. Akwai wani ƙamshi a wurin, ya san akwai, amma ya yi ta lalube a ransa ya kasa kamo shi. Sai kuma ya tuna ta da shekara huɗu, ta zo za ta tsoma hannu a kwano, ya ce, "Kin wanke da sabulu?" Ta ce ta wanke. Ya ce, "Kawo hannu in ji." Ta miƙo, ya shinshina, ya kama ta da ƙarya, ta ruga wajen buta tana ƙyalƙyala dariya. Kullum sai sun yi haka. Kewar yarinyar nan ta taso masa, har ya ajiye katakon da ke kafaɗarsa ya zauna a kai.

Da yamma aka zauna kewaye. Direba ya ƙyasta ashana, ya yi nasa uku, ya miƙo wa Kafinta da ke damansa. Kafinta ya dubi sigarin bai ɗago hannu ba.

"Na daina," ya ce, ya kwashe labari ya faɗa musu.

"Kai?" in ji Direba. Ya tuntsire da dariya har ta zame masa tari. "Kai da ko wanka za ka yi sai ka maƙala ta a kunne? Allah ya raya jika, amma ka bari mu ga gobe."

Kofur bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce, "To dokar fa? Yau kai, gobe wani, jibi kowa ya kama gabansa. In ka faɗi a lungu wa zai sani?"

Nan aka yi ta ja-in-ja, sigari tana ci a banza a hannun Direba. Kafinta ba ya son ɓata wa kowa. Mutanen nan su suka ɗauke shi ranar da katako ya faɗo masa a ƙafa, su suka yi ta ba shi ruwa a baki mako guda. Can sai dabara ta faɗo masa.

"To ku ji. Zan zauna a gurbina. In ta zo kaina zan karɓa, in riƙe ta daidai tsawon zuƙa uku, in miƙa wa Shiru. Ban sha ba, ban kuma ƙi karɓa ba."

Kofur ya juya maganar a ransa, ya ga doka ba ta karye ba, ya gyaɗa kai. Direba ya ce wallahi da mutumin nan ya yi boko da alƙali ya zama. Kafinta ya karɓa, ya riƙe ta tsakanin yatsunsa biyu, Kofur ya ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, hayaƙi yana tashi yana shafa masa gemu, sannan ya miƙa. Duk suka ji daɗin wannan wayo nasu.

Kai, mutumin nan ya sha wuya! Mai ɗaki da gado ma in zai daina sai ya ji a jikinsa, balle wanda sigari ce karin kumallonsa, ita ce bargonsa, ita ce abokiyar hirarsa. Da in yunwa ta taso, zuƙa biyu ke rufe mata baki. Yanzu ta buɗe baki ta ƙi rufewa. Hannunsa ya riƙa rawa har mai katako ya tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ya yi faɗa da mai baro a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya zagi akuya, ya zagi ƙusa. Ya riƙa tsinto siraran ɓaraguzan katako yana taunawa, har dasashinsa ya yi jini. Abin haushi, garin nan kaf sai ya cika da guntayen sigari. A bakin tasha, inda da sai ya yi sa'a yake samun guda mai ɗan tsawo, yanzu ga su nan rututu, wasu ma ko rabi ba a sha ba. Sai ya ɗaga kai sama ya wuce, yana tafe yana tsine wa masu almubazzaranci.

Mafi wuya duka shi ne zaman kewaye. Sau biyu a rana tana zuwa hannunsa da ɗuminta, tsakaninta da leɓensa bai fi taƙi ɗaya ba. Ranar kwana na tara hannun ya taso da kansa har ya kusa kai wa baki, sai Shiru ya kama masa gwiwar hannu ya mayar. Ranar kwana na goma sha biyu, yana wucewa ta inda injin ke yanka katako, ya ji kamar wani abu ya gifta masa a hanci. Ya tsaya ya ja iska, ya sake ja, babu komai. Ya ce kai, tunani ne kawai.

Alhamis ta zo. Da sassafe ya je famfon bayan tasha ya yi wanka da sabon sabulu, ya dirje jikinsa har ya yi zafi, aka kankare masa gemu. Ya dawo ya tarar Direba ya kwance ƙullin da yake matashi da shi, ya zaro kwat. Baƙar kwat ce mai maɓalli uku, da ita yake tuƙa maigidansa a zamanin da duniya ke yi da shi. Shekara tara tana ƙarƙashin kansa, ko taɓa ta ba ya bari a yi.

"Sa," ya ce. "Ba za ka je gidan suruki kamar wanda aka koro ba."

Kafinta ya sa, ta zauna masa ɗas. Aka yi zaman safe, ya karɓa, ya riƙe, Kofur ya ƙirga, ya miƙa. Da zai tafi sai ya tsaya ya ware hannuwa.

"Don Allah ku shinshina ni. Akwai wari?"

Direba ya sa hanci a kafaɗarsa ya ja. "Sabulu zalla."

Kofur ya zagaya shi gaba da baya kamar mai duba fareti. "Fes."

Shiru ma ya matso ya shinshina, ya ɗaga babban yatsa.

Jama'a, ku ji fa. Mutum uku da suka haɗa shekara ɗari suna busa hayaƙi, su aka sa alƙalancin wari. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, amma babu wanda ya tuna da haka a cikinsu.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, na su Uwata ne na ƙarshe. Tun daga bakin ƙofar gida ya hango igiyar shanya cike da 'yan riguna, wasu ba su fi tafin hannunsa ba. Surukin nasa, mai gyaran wutar lantarki ne, yana tsugune yana wanke bokiti. Ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?" Ya juya ya ɗaga murya kaɗan. "Ga Baba ya iso."

Labule ya motsa, ta fito ta ja ƙofar a bayanta. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma da ta gan shi cikin kwat sai fuskarta ta washe.

"Baba! Kai ne haka?"

Ta taho da sauri. Saura taku biyu ta tsaya cak. Ya ga hancinta ya motsa, ya ga murnar tana zarewa daga fuskarta a hankali.

"Baba, ka sha."

"Wallahi ban sha ba. Yau kwana goma sha huɗu."

"Tun daga nan nake jin ta."

"Uwata, na rantse miki da wanda raina ke hannunsa."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Yana gani tana so ta yarda. Sai ta matso ta ce a hankali, "Kawo hannu in ji."

Ya miƙa mata na dama, har da ɗan murmushinsa, don shi ya san gaskiyarsa. Ta kama yatsun nan biyu ta kai hanci. Ta sake su.

"Ta yau ce ma," ta ce. "Ta safen nan ce."

"Riƙewa kawai na yi! Riƙewa nake in miƙa, ba na kai wa baki. Doka ce a wurinmu, in mutum ya ƙi karɓa..."

Shi da kansa ya ji yadda maganar ta fito. Wa zai yarda da ita? Mutum ya riƙe sigari sau biyu a rana don zumunci! Surukin ya sunkuyar da kai yana murza soson da ke hannunsa.

"Baba, ba ƙaryata ka muke ba," ya ce. "Amma ka san zama da maɗaukin kanwa. Ko ba ka sha ba, tana jikin rigar. Mun ga yadda yarinyar nan take jan numfashi a asibiti, ba ma so mu sake gani."

"Sai in cire kwat ɗin."

"Tana gashinka, Baba," in ji 'yar. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Tana hularka. Ba zan iya ba. Ka yafe mini, ba zan iya ba."

Ta koma ciki. Ya tsaya a tsakar gidan mutane cikin kwat ɗin aro, wata mata mai tankaɗe tana satar kallonsa. Sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashi. Ya juya. Ta ɗage labulen taga, ta ɗago jaririyar a tafukanta ta kara ta kusa da gilashin.

'Yar mitsitsiya ce, kanta bai fi lemo ba, an sa mata hular ulu ruwan ɗorawa. Ta yamutsa fuska, ta yi hamma, ta buɗe hannu ɗaya ta rufe. Kunnen uwarsa ne sak, mai ɗan lanƙwasa a sama. Ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin, ya sa hannun kwat ya goge. Hannuwansa suka tashi da kansu suka yi yadda ake tallafar jariri, babu komai a cikinsu.

"Amarya," ya ce, "kin ga angon naki ko? An hana shi shiga."

Wasa ya so ya yi, amma muryar ba ta fito da wasa ba.

Da zai tafi surukin ya biyo shi har ƙofar gida, ya miƙa masa wata 'yar leda a ƙulle. "Ta ce a ba ka. Ta ce Alhamis mai zuwa ma muna nan." Kafinta ya cusa a aljihu ko dubawa bai yi ba.

A hanya baƙin ciki ya juye ya zama fushi. Kwana goma sha huɗu! Dasashi ya yi jini, hannu ya yi rawa, a ƙarshe a ce masa maƙaryaci a gaban suruki. To in an sha an ce an sha, in ba a sha ba an ce an sha, me ya rage? Ya tsaya gaban wani mai tebur a bakin titi, ya nuna da yatsa, aka zaro masa kara ɗaya. Ya maƙala ta a baki. Ya sa hannu a aljihu neman ashana, sai ya ci karo da ledar.

Ya kwance. Hular ulun nan ce ruwan ɗorawa, an cire ta daga kan yarinyar. Ya cire sigarin daga baki, ya buɗe hular da yatsa biyu, ya sa hanci a ciki. Bai sa ran komai ba, shekara nawa rabonsa da jin wani abu.

Sai ga shi. Can ƙasa-ƙasa, siriri, kamar madara mai ɗumi da ɗan man shafawa, da wani abu kuma da ba shi da suna. Shi ne. Shi ne wanda ya yi mako biyu yana lalube. Ya dafa teburin mutane. Ya ja, ya sake ja, idonsa a rufe, ga Uwata a cikin tawul, ga uwarta a kan gado tana cewa ya yi a hankali da wuyanta.

Ya ɗago kai ya ja iskar waje, sai wani wari ya doke shi, mai ɗaci, mai nauyi, kamar tsohuwar toka da aka jiƙa. Ya waiga ya ga ko bola ce a kusa. Babu bola. Ya kai hannun kwat hanci, ya kau da kai da sauri. Ya shinshina yatsunsa, ya shinshina hularsa. Ashe haka yake. Ashe da wannan ya je zai rungumi yarinya mai rabin numfashi, har yana rantsuwa. Ya ƙulle ledar da sauri kada warin ya shiga, ya ajiye wa mai tebur sigarinsa.

"Na fasa," ya ce.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gada. Tun daga nesa ya ji warin wurin nasu, kwalayen, da barguna, da bangon ginshiƙin kansa. Suna zaune suna jiransa, ba su kunna ba.

"Ango ya dawo!" in ji Direba. "Ya amarya? Ta yi maka fitsari a kwat ɗina ko?"

Kafinta ya cire kwat ɗin ya ninke ta da kyau ya ajiye masa a cinya. "Ta gilashi na gan ta."

Direba ya ƙyasta ashana, ya yi nasa uku, ya miƙo. Kafinta yana tsaye, ya sa hannuwansa biyu a hammata.

"Karɓi mana."

"Ba zan karɓa ba, Direba. Ba zan kuma zauna ba." Ya sunkuya ya naɗe kwalinsa. Bargon ya ɗaga, ya shinshina, ya bar shi a nan. "Can zan koma, ginshiƙi na biyar."

"Inda iska ke kaɗawa?" in ji Kofur. "Ko kare ba ya kwana a can."

"Saboda iskar zan je."

Direba ya miƙe, sigari tana ci a hannunsa. Ransa ya ɓaci sosai. "Wato mu ne masu wari."

"Mu ne, Direba. Har da ni. Har da kwat ɗin."

Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Direba ya dubi kwat ɗinsa ta shekara tara, ya dubi Kafinta, ya koma ya zauna ya juya masa baya. Kafinta ya saɓi kwalinsa ya tafi. Taku arba'in ne tsakanin ginshiƙan biyu, ya ƙirga su duka. Yana jin Kofur a bayansa, da sigarin ta zo gurbin da babu kowa, ya rasa ko ya ƙirga ko ya bari.

Washegari da hantsi, kafin ya fita kasuwa, sai ga Direba tafe, hannuwansa a jiƙe, da alama daga famfo yake. Ya tsaya nesa kaɗan yana kallon motocin da ke wucewa.

"Shiru ya ce ya ga kana shinshina wani abu a leda."

"Shiru ya yi magana?"

"Da hannu." Ya yi gyaran murya. "Mu ji mana."

Kafinta ya ciro ledar daga aljihu. Sannan ya kwance bakin ledar kaɗan, ya riƙe da kansa, ya kara masa. Direba ya sunkuya ya ja iska, ya sake ja da ƙarfi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya daɗe a sunkuye.

"Ban ji komai ba," ya ce. Ya miƙe yana murza hanci. "Ni ma ina da 'ya'ya, su uku, ka sani. Babbar ta isa haihuwa yanzu, in tana raye." Ya juya zai tafi, ya waigo. "Yaya ƙamshin yake?"

Kafinta ya ƙulle bakin ledar. "Sai dai ka ji da kanka," ya ce.

Mako guda ya yi a ginshiƙi na biyar. Iska ta ci ƙashinsa, mura ta kama shi ta sake shi. Ya wanke riga da wando da hula sau biyu, ya roƙi mai katako ya bar shi ya ɓoye su a leda a tsakanin sababbin katakai. Safe da yamma yana hango su a kewaye, su uku, yana jin dariyar Direba da ke ƙarewa da tari, kewarsu tana cin sa kamar ba taku arba'in ne tsakani ba. Amma kullum kafin a ƙyasta ashana sai Kofur ya miƙe ya leƙo. In Kafinta ya ɗaga hannu, sannan a kunna.

Alhamis ya yi wanka a famfo, ya wuce kasuwa ya sa kayansa a bayan katakai, ya bi ta wata hanyar da ba ta ratsa tasha ba. Babu kwat. Tsohuwar rigarsa ce mai faci a kafaɗa.

Uwata ce ta fito da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa, shi ma ya tsaya inda ya tsaya wancan makon, babu wanda ya yi rantsuwa. Ta tako ɗaya, ta tako biyu, ta zo dab da shi. Kafin ta ce komai ya miƙa mata hannun dama.

Ta kama yatsun ta kai hanci. Ta juya tafin ta shinshina, ta kama hannun rigar ta shinshina. Sai ta kifa goshinta a kan hannun nasa, kafaɗunta suna rawa.

"Katako," ta ce. "Ƙamshin shagonmu kake, Baba."

Ta ɗage labule ta matsa gefe.

"Cire takalmi. Zauna a bakin gado. Ka tallafi wuyanta fa, ka yi a hankali."